Gangaren da na ba Khamis sitiyari

Litinin, 14 ga Oktoba 2024

Oga Yemi mai gyaran ƙarfen sabis ya ɗauke ni in kai shi tsaunin Mambila. Na ce sai da ƙanena Khamis, mu riƙa karɓar juna. Inna ba ta so ba. Na ce mata ni na koya masa mota da hannuna, me zai same shi?

Laraba, 16 ga Oktoba

Kwalta ta ƙare, sai burji da tsakuwa. Dama dutse, hagu rami, gajimare a ƙasanmu. Mun kafa tanti a gindin ƙarfen. Khamis sai hoto yake ɗauka da wayata, wai 'yan unguwarmu Magajiya ba za su yarda mun zo nan ba. Sanyi ya hana ni jin daɗin komai.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Bayana ya riƙe, na ba shi saukowa. Muna shiga gangare ya zare giya, ya bar mota a firi, kamar yadda muke yi a hanyar Abuja don mai ya yi auki. Na gani. Ban hana shi ba, ai haka na koya masa. Can sai ƙaurin birki. "Yaya, ba ya kamawa!" Ya kai ta jikin dutse ta ɓangarensa. Ni da Oga ko ƙwarzane.

Talata, 22 ga Oktoba

Mun dawo da shi gida Suleja. Likita ya ce ƙafar hagu sai addu'a.

Asabar, 26 ga Oktoba

Direbobin tashar Gauraka sun zo dubiya. Kowa da nasa: wa yake sauka dutse a firi? Khamis ya ce wa Inna gangancinsa ne, babu ruwan Yaya. Ina tsaye ina riƙe da ledar lemo. Na tsani kaina, kuma na bar shi ya ɗauki laifin.

Laraba, 30 ga Oktoba

Sun yanke. Ƙasan gwiwa.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Ina fita aiki, lafiya lau nake. Barcin ne dai. Jiya Khamis ya tambaye ni hotunan dutsen, na ce wayar ta fashe. Tana aljihuna.

Ɗazu maƙwabcinmu Ebuka ya tare ni a ƙofar gida, wai in koya wa matarsa mota, an ce duk layin nan babu kamata. Na ce masa ban iya ba. Ya yi ta dariya, yana jiran in sa masa rana.