Na Kushe Cukwin Surukata, Gida Ya Ƙi Daɗi

Assalamu alaikum Malama Sa'adiyya. Don Allah ki taimaka mini da shawara, tura ta kai bango. Ni ba mai yawan kai kuka ba ne. Da dako na fara a Magama, nan bakin iyakarmu ta Jibiya, yau ina da shago da motocin kaya, ba wanda ya ɗaga ni sai Allah. A sakandare na tsaya, amma dai na san abin da bakina yake so.

Mai ɗakina 'yar Maraɗi ce. Tun da muka yi aure mahaifiyarta, Inna, take aiko mini da cukwi, busasshen cukun nan da mutanen Nijar ke ci da shayi. Wajen wata Buzuwa take sa a yi mata. Ko lokacin da aka rufe iyaka saƙon bai yanke ba, ta daji 'yan babur suke shigo da shi. Ni kuwa tsakani da Allah ban taɓa sonsa ba. Kamar kana tauna kwali ne, ga ƙarni. Ina karɓa, in ce an gode, in raba wa 'yan dako.

Ran wata kasuwa muna zaune ƙofar shagona, Zunnuraini mai canji ya tayar da musun nan da ba ya ƙarewa, wai tsakanin Katsina da Maraɗi wa ya fi iya abinci. Na ce tuwon masara da miyar kuka shi ne sarki. Kilishinsu na yarda, shayinsu ma ba laifi in ban da sukarin da suke zabgawa, amma burodin nan mai kama da sanda da cukwi wahalar da haƙori ne kawai. Aka yi dariya. Baki ya yi mini daɗi, sai na ƙara da cewa shekara da shekaru ana aiko mini da shi, 'yan dako ke cinyewa, su ma don yunwa. Ashe Ɗantala direba, ɗan wan mai ɗakina, wanda shi ke kawo saƙon, yana bayan mota yana alwala.

Kafin kasuwa ta zagayo magana ta isa Maraɗi, ko duwan, wato kwastan ɗin Nijar, ba su tare ta ba. Saƙon Inna dai ya tsaya, in na kira waya kuma sai a ce tana salla. Mai ɗakina ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Tuwon masara da miyar kuka take ajiye mini safe da rana da dare, ta juya ta yi tafiyarta. Na aika wa Inna turmin atamfa da buhun shinkafa, Ɗantala ya dawo da su yadda suka tafi. Yanzu mai ɗakina ta ce za ta je ganin gida, ba ta faɗi ranar dawowa ba.

Malama, laifi ne mutum ya faɗi abin da harshensa ba ya so? Wani ba ya cin kuɓewa, wani ba ya shan fura, ban ji an kai su kotu ba. Ban zagi kowa ba. Abokaina suna cewa in je in durƙusa, ni kuma gani nake in na yi haka kamar na janye maganata ne, alhali cukwin nan har gobe ba daɗi. Amma ba na so uwar 'ya'yana ta ƙetara da wannan abu a ranta. Yaya zan yi?

Mai Motoci, Magama

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Harshenka naka ne, ba mai tilasta maka son cukwi, ni kaina bai dame ni ba. Da kan ɗanɗano ka tsaya, babu mai riƙe ka. Ɗantala ma bai kyauta ba, ba kowace magana ake ɗauka a kai wa tsohuwa ba.

Amma ka duba abin da ya shiga kunnen Inna. Kyautar da take ɗawainiyar aikowa, har iyaka tana rufe, ita ce ta zama abin dariya a kasuwa, kuma daga bakin surukinta. Ɗiyarta ce a tsakiya, kunyarka a kanta take. Atamfar ta dawo ne don Inna ba sutura ta rasa ba, ga shi Ɗantalan da ya kai maganar ka ba ya kai mata.

Ka fara da matarka. Ka ba ta haƙuri, kada ka bi shi da "amma ai gaskiya na faɗa". Sannan kada ka bari ta tafi ita kaɗai, ka kai ta da kanka. A gaban Inna ka cire takalmi ka durƙusa, wanda ya tashi da dako durƙuso ba zai karya shi ba. Kada ka yi ƙaryar kana son cukwi, ta riga ta sani. Ka ce mata baki ne ya kwashe ka, ka wulaƙanta alherinta gaban mutane, ta yafe maka. In ka dawo, ka faɗi alherinta a majalisar da ka yi ɓarin bakin, Zunnuraini yana ji.

Mai yiwuwa Inna ba za ta sake aiko maka da komai ba, wannan sai ka haƙura. Abin nema shi ne ta amsa gaisuwarka, kuma ka dawo Jibiya tare da matarka. Allah ya sanyaya zukata, ya bar zumunci.