Rumfar da Muka Yi wa Rijiyar Baba

Zuwa ga Yayana, babban gidanmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa mai kewar yayanta, da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara maka ƙarfi, ya sassauta maka sanyin can da kake ta kuka da shi. Mu nan da sauƙi. Maigidana ya koma aiki bayan zazzaɓin da ya kayar da shi, Auta kuma ta fara koyon ɗinki, har ta gama da zannuwana. Inna tana ci tana sha, tana faɗa yadda ka san ta. Amma Yaya, hankalina ba a kwance yake ba, kuma a kan Inna ne.

Ka tuna rijiyar da Baba ya haƙa a tsakar gida, wadda ya danna tafin hannunsa a simintin bakinta tun yana ɗanye. Tun farkon damina ruwanta ya fara ɗumi. Inna ta ce rana ce, wai tun da maƙwabta suka sare bishiyarsu take dukan rijiyar kai tsaye. Mu ma muka yarda, don a saninmu duk wani zafi daga sama yake saukowa. Muka kira kafinta ya yi mata rumfa, har da murfin katako. Ka ji mu, mun yi wa rijiya inuwa kamar jaririya! Inna kuwa murna take yi, wai ta samu ruwan gasa gwiwa ba sai ta hura wuta ba.

Sai aka jera kwanaki ana ruwa, rana ko leƙowa ba ta yi ba. Na je gidan da sassafe na ɗaga murfin, tururi ya bugi fuskata, da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ruwan da na jawo kuma ba ya taɓuwa. Wallahi Yaya, nan na gane ba rana ba ce. A makon ne kwanukan kan kanta suka fara kaɗawa su kaɗai, kaji kuma suka ƙi kwana a akurkinsu.

Ashe ba gidanmu kaɗai ba ne, duk layin da ke gindin dutse haka yake. Ma'aikatan binciken ƙasa suka zo da na'urorinsu, wata injiniya a cikinsu ta zauna ta yi mana bayani a hankali. Ta ce wuta biyu ce ke juya duniyar nan. Ta sama ita ce rana, mai ɗaga ruwa ya zama girgije, mai kaɗa iska, mai raya shuka. Ɗayar tana can cikin ƙasa inda duwatsu ke narkewa, ita ke ɗaga tsaunuka, ita ke girgiza ƙasa. Ta ce wannan ta biyun ce ta matso kusa da mu ta wata tsaga, kuma babu rumfar da ke tare ta. Na tambaye ta yaushe wutar za ta ɓallo, ta ce ba wanda ya sani, amma da mahaifiyarta ce, da ba ta bari ta ƙara kwana a gidan ba.

Telan layin ya kwashe iyalinsa, mai wanki ma ya tashi. Inna ta ce babu inda za ta. Takan jawo ruwan ta zuba a randa ya huce, sannan ta sa ni in taɓa, wai ga shi rumfa ta fara aiki. Na roƙe ta har da hawaye, ta ce ni yarinya ce, gidan a hannunka Baba ya bar shi.

Jiya na tarar ta shimfiɗa tabarma a bakin rijiyar, wai shanya take yi. Da ta zagaya na ɗaga tabarmar. Yaya, simintin ya tsage, tsagar ta raba tafin hannun Baba biyu. Na shiga ɗakinta don kada ta ga fuskata, sai na ga ƙullin kayanta a bayan ƙofa, an ɗaure tam, hular Baba a kai. Ashe ta sani. Tsoron da take ji ya fi nawa, kawai ba ta so a ce ita ce ta bar gidansa da ƙafarta.

Don Allah ka kira ta ranar da ka karanta wannan. Kada ka lallashe ta, kada ka yi mata bayanin wutar sama da ta ƙasa. Ka ce kai ne ka yanke hukunci, ta tashi. Za ta yi maka faɗa, ta ce ka raina ta, ka haƙura ka ɗauki laifin. Na riga na share mata ɗaki a gidana, mu muna nesa da dutsen.

Ka gaishe mini da matar yaya, da Dogo, da mai sunan Inna. Maigidana da Auta suna gaishe ku. Kada ka bari sai gobe, Yaya. Ta gama ɗaure kayanta, muryarka kawai take jira.

Ƙanwarka mai jiran kiranka,
Maman Auta