Layin da Mai Aski Ya Ƙara

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da 'yan biyu. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Gwaggo ta samu sauƙin ƙafarta, har tana fitowa tsakar gida da sanda. Mijina ya koma aikin safe. Baba kuma jikinsa garau, idanun ne dai kullum suke ƙara dusashewa. Yanzu sai ya kai agogo dab da hancinsa kafin ya ga abin da zai gyara. To, gaisuwa ta ƙare, don ba ita ta sa na ɗauki biro ba. Raina a ɓace yake, kuma da kai nake.

Rubutun da ka turo mana ta waya, wanda ka sa wa suna Manufar Rayuwata, ya iso. Ka ce a wurin aikinku aka koya muku kowa ya rubuta yadda yake so rayuwarsa ta kasance, ya riƙa dubawa kowace safiya. Madalla. Na karanta shi tas. Za ka kula da lafiyarka, za ka yi fice a aikinka, za ka ba matarka da 'ya'yanka haƙƙinsu, har yawan shan ruwa ka sa. Ruwa ya samu layi guda, Auta, Baba bai samu ko rabi ba. Sannan a ƙasa ka ce lokacinka tsada gare shi, duk mai son magana da kai ya fara turo saƙo a yanka masa lokaci. To sannu, ranka ya daɗe! Mutumin da ko lambobin wayarsa ba ya gani, shi ne zai rubuto maka saƙon neman izini? Shi da ya ƙarar da idanunsa a cikin agogunan mutane don ka yi makaranta, yau kai ne za ka koya masa darajar lokaci?

Na so in rufe maganar, kada ma Baba ya sani. Sai Kawu, da bakinsa ba ya riƙe komai, ya je shago ya ce masa autansa ya rubuta wani babban abu. Baba ya hana kowa sakat sai da aka buga masa a takarda aka sa a firam, ya sauke kalandar da ke saman teburin aikinsa ya rataye shi a wurin. Sannan ya kira mai askin da ke jikin shagonsa ya karanta masa. Ina wurin, na kai masa abincin rana. Mai aski yana karantawa, Baba yana gyaɗa kai yana murmushi. Da mai askin ya zo kan maganar neman izini ya tsallake ta, ya tsaya. Baba ya ce ya ci gaba mana. Mai aski ya dube ni, na sunkuyar da kai. Sai bawan Allahn nan ya gyara murya, ya ɗora yatsa a inda babu rubutu, ya karanta cewa za ka kula da mahaifinka, ba za ka taɓa bari ya nemi muryarka ya rasa ba. Baba ya cire tabarau ya goge idonsa da bakin riga.

Tun ranar, duk wanda ya kawo gyara sai Baba ya nuna masa firam ɗin ya ce ya duba layin ƙarshe, inda ka ce za ka kula da shi. Mutane su duba, su dube shi, su ce Allah Ya yi wa yaro albarka. Shekaranjiya wata mata ta fara cewa ita fa ba ta ga layin ba, na yi wuf na ce rubutun ne ƙanana. Unguwa guda tana ƙarya don ta rufa maka asiri, kai kana can kana shan ruwa. Wallahi kunya ta ishe ni, amma haushinka ya fi kunyar yawa. Ban hana ka tsara rayuwarka ba, Auta. Abin da ya ƙona min rai shi ne ka tsara ta kamar daga sama ka faɗo.

Ga dalilin wasiƙar nan. Baba ya ce ranar Asabar da hantsi zai kira ka ya yi maka godiya. Har ya sa na nuna masa inda zai danna, yana ta gwadawa da yatsa. Ba zai turo saƙo ba. In ka ɗauka, yanzu ka san abin da yake gode maka a kai: ko ka karɓi layin nan ya zama naka, ko ka gaya masa da bakinka cewa mai aski ne ya ƙirƙiro shi. In kuma ka bar wayar ta yi ta ƙara har ta katse, ni ce zan kasance a gefensa, kuma ni na gama yi maka ƙarya.

Ka gaida matarka, ka shafa min kan 'yan biyu. Gwaggo da Kawu da mijina duk suna gaishe ka. Na tambayi Baba ko yana da saƙo, ya ce a'a, kada in riga shi, shi da kansa zai gaishe ka.

Yayarka da ta goye ka.