Takalmi a Kan Buzun Baba

Gangare, daren Talata, 1956

Har yanzu raina a ɓace yake. Baturen Holan ɗin nan na kamfanin kuza, wanda nake koya wa Hausa, ya matsa in kai shi wurin Baba. Wai a harshensu kalmomin gani da ji sun sauya ma'ana tun zamanin kakanni, yana son ya san ko namu ma haka ne.

Na kai shi. Ko sallama babu, ya taka buzun sallar Baba da takalmi, ya zaro littafi. Baba ya dube ni kawai, ya ce, "Audu, raka baƙonka."

Wallahi gara a ce marina ya yi. Mutum shekara da shekaru yana binciken kalmar gani, amma takalman da ke jere a ƙofar zaure bai gan su ba!