Kada a Sa wa Gonar Yamma Garma

Bakersfield, Maris 1946

Zuwa ga 'yata Lorene,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da mijinki Delbert da jikokina kuna lafiya. Ni kam garau nake, ina ta tsinkar lemo. Tarin nan ne kawai ya ƙi sakina, sai ka ce aurena ya yi.

Kin ce ƙaya ta cinye gonar yamma, Delbert zai sa mata garma. Don Allah ki hana shi. Haka ƙasa take warkewa. Ƙaya ce take fara zuwa, sai ciyawa ta kore ta, can bayan shekaru furanni su dawo ɗaya-ɗaya. Marigayiya mahaifiyarki ta taɓa ƙirga iri arba'in a wurin. Ni kuwa, shehin malami ɗan aji uku, na kife su da garma cikin mako guda don in shuka alkama, iska ta kwashe alkamar har da ƙasar.

Ba na jin zan ga dawowarsu. Ranar da furen farko ya fito, ki kai wa mahaifiyarki shi a kabarinta, ki ce in ji wawan nan.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Orville