Ta Hagu Kake Harbe Ni

Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya ƙafar Inna? Ya shagon gyaran kwamfuta? Ni lafiyata lau, aikin masana'anta sai godiya. An mayar da ni kusa da injin yankan ƙarfe, yana nan ta hagu da ni yana ta ihu, amma mutum yana sabawa.

Na ji tsiyar da kake yi min, wai na tsufa, kullum a gem ɗinmu na harbe-harbe a kwamfuta ta hagu kake lallaɓowa ka harbe ni. Ba tsufa ba ne, yaro. Takunka ne ba na ji ta wannan gefen. Haka ma waƙoƙin da marigayi Baba yake sa mana a mota, rabinsu nake ji yanzu.

Na ɗora wa katin sautin kwamfutata laifi, na kai ta wani shago a nan. Mai shagon ya sa hedifon ɗina ya saurara, ya ce shi kam duka gefen biyu daidai yake ji. Ya ɗan dube ni. Na ɗauki kayana na koma gida.

To, kai ne gwani. Ka zaɓar min kati mai kyau wanda ake jonawa ta waje, mara tsuwa, wanda zan iya ƙara wa hagu ƙarfi ita kaɗai. Sunansa kawai za ka turo min.

Allah ya yi maka albarka. Kada wannan zancen ya kai ga Inna. Ka ce mata muryarta ras nake ji, kuma ba ƙarya ka yi ba: a kunnen dama nake kara wayar.

Naka,
Yayanka