Sinawan Yaya Lieven

Alhamis, 14 ga Satumba, 1752, Mechelen
Na gama leshin Madam Verhulst, mai sayen saƙarmu. Wata tara ina kan matashin saƙa. A jikinsa hasumiya mai rufi bakwai, kowane da ƙararrawa, ga Basine da lema yana hawan matakala. Ta ce, "Da gaske haka suke?" Na ce yayana da idonsa ya gani, shekara uku ya yi a ƙasar Sin, shi ya zana mini. Har rantsuwa na yi.

Litinin, 18 ga Satumba
Idona na hagu yana ruwa kuma.

Lahadi, 24 ga Satumba
Bayan coci wani mai sayar da kifi daga Ostend ya hango Yaya Lieven, ya daka masa duka a kafaɗa. "Kai, ɗan banza, ashe nan ka ɓuya! Tun da ka gudu Rozeke ba ta sami mai wanke mata kwanuka ba!" Yaya ya yi dariyar yaƙe, ya ja shi gefe. Ni dai na ji.

Litinin, 25 ga Satumba
Na tsare shi. Bai ko musa ba.
Jirgin da zai kai shi Sin ya tashi ba da shi ba, tsoron teku ya kama shi a bakin gaɓa. Kunya ta hana shi dawowa. Shekara ukun nan duk a gidan giyar wata bazawara, Rozeken nan, ya yi su, a Ostend. Ostend! Tafiyar kwana uku.
Inna ta rasu tana tambayata ko iska ta juyo da jiragen Sin. Ni na riƙa juya ta, ni na wanke ta, ni na rufe mata ido. Ina ce mata, "Yana hanya, Inna." Yana can yana ɗauraye tangaran.
Hasumiyar ma daga jikin faranti ya kwafo ta. Na ce to tsuntsun nan mai wutsiya uku da ke cikin zanen fa? Ya ce, "Wannan kam, Trijn, daga kaina ne." Wai har da murmushi.

Talata, 3 ga Oktoba
Ba na yi masa magana. Yana ci a tsaye, kamar baƙo.

Asabar, 14 ga Oktoba
Iya Walburga ta makwabta ta ce, "Ke yarinya, masu ɗaura leshin nan wace ce ta taɓa ganin Basine? Su ma ƙarya suke so, mai kyau." Na ce ba leshin ne ya dame ni ba. Ta gane, don tare muka yi wa Inna sutura.

Juma'a, 20 ga Oktoba
Na tarar da Yaya a kabarin Inna, hula a hannu. Na juya kafin ya gan ni.

Laraba, 8 ga Nuwamba
Madam tana son sabon zane. Ban tambaye shi ba, da kaina na zana: gadarmu ta kan kogi, na lanƙwasa ta, na dasa Basine yana kamun kifi, ya juya wa ruwa baya. Ta ce, "Haka suke kamawa a can?" Na ce haka fa. Bakina ko rawa bai yi ba.
Yaya ya leƙa takardar ya daɗe. Ya ce hular Basinen ta yi faɗi. Na ce ina ruwansa, shi da bai je ba.
Na dai rage ta kaɗan. Da ma ni ma na ga ta yi faɗi.